In na goge sunayen, mai gyara ba ya ganin ciwon

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ko harafin farko kada ya fito, Zangonmu na Kumasi ƙarami ne, in mutum ya yi tari a Ayigya kafin la'asar an je yi masa sannu daga Alabar. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yi hukunci, domin maganar akwai kwamfuta a ciki amma wallahi ba maganar kwamfuta ba ce, ran wani tsoho ne da amanar mutum sama da ɗari uku. Duk sunan da na ambata a nan ba na gaskiya ba ne.

Ni mace ce, shekarata talatin da huɗu, ina zaune a gidan mahaifina a Ayigya Zango. Iyayena duk sun rasu, yayana yana ƙasar waje, sauran ɗakunan gidan ɗaliban jami'a ne a ciki, bana ka saba da fuska baɗi ta tafi wata ta zo. Aikina kula da manyan kwamfutocin wani kamfani ne, daga ɗakina nake yi, shi ya sa 'yan unguwa suka yanke cewa ba ni da aikin yi sai danne-danne. Ana tuna ni ne in waya ta ƙi caji ko an manta fasuwod. Ban damu ba, na saba, na faɗa ne kawai don ku gane cewa a duk unguwar nan babu mutum ɗaya da zan zauna da shi in yi masa bayanin abin da ke damuna ya gane rabinsa.

Asalinmu Nijar ne, kuma muna da ƙungiya ta 'yan gida, wadda babban aikinta shi ne in mutum ya kwanta ciwo ko ya rasu a sanar da danginsa na can. Babana shi ne magatakarda shekara talatin. Yana da littattafai guda huɗu masu baƙar bango a cikin akwatin ƙarfe, da ajami yake rubutawa, kowane mutum shafinsa. A saman shafi sunan mutum na yanka da shekarar da ya ƙetaro iyaka ya shigo Ghana, a ƙasa kuma ƙauyensu da wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Wanda bai san zamanmu ba zai ce to mene ne abin ɓoyewa a nan. Abin ɓoyewa shi ne da yawa daga cikin dattawan nan katinsu na ɗan ƙasa ya ce a Kumasi aka haife su, 'ya'yansu malaman makaranta ne, nas-nas ne, wasu suna sanye da kaki, wasu 'ya'yan ma ba su san komai ba. Kuma tsofaffinmu ba su manta korar baƙi da aka yi suna yara ba, har yau in an taɓo zancen sai ka ga mutum ya rage murya alhali a cikin ɗakinsa yake.

Da Babana ya rasu akwatin ya dawo hannuna, don ni kaɗai ya koya wa karanta rubutunsa. Ana nan sai aka shiga wani lokaci da maganar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo ta yi zafi a rediyo, hankalin dattawa ya tashi, suka ce littattafan nan masifa ce a ajiye, ɓarawo ɗaya ko ɗan haya mai leƙe-leƙe ya isa ya tona kowa. Ni ce da bakina na ce musu akwai mafita. Na ce zan kwafe komai in zuba a kwamfuta wadda ba ta taɓa hawa intanet, in kulle faifan da mabuɗin sirri, ko an sace ta ba a iya karanta ko kalma. Wata biyar ina bugawa, kowane mutum na buɗe masa fayil, na sa wa fayil ɗin suna yadda Babana yake rubuta saman shafi, suna da shekarar shigowa, ban canza tsarinsa ba don ina jin kamar yana kallona. Ranar da na gama, shugaban ƙungiya, bari in kira shi Alhaji, ya sa na dafa Alƙur'ani a gaban dattawa shida na rantse cewa suna ko ɗaya ba zai fita daga hannuna zuwa ga bare ba. Sannan muka fita bayan gida muka ƙona littattafan. Ni na ƙyasta ashanar. Rubutun ubana ne, kuma a ranar har daɗi na ji, ina ganin na yi abin kai.

Shekara huɗu lafiya lau. Sai wata biyu da suka wuce aka yi dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ina cikin gyara wani fayil, batirin tsohuwar kwamfutar dama ya mutu, ta ɗauke ɗif. Da wuta ta dawo ta tashi kamar babu komai, fayil-fayil ɗin sababbin mambobi duk suna buɗewa, ni kuma ban bi na duba sauran ba. Ranar Juma'a na yi abin da na saba, na kwafe faifan gaba ɗayansa a kan faifan ajiya, na danne tsohon kwafi da sabo. Faifan ajiya ɗaya tal na yarda in riƙe, saboda tsoron kada sunayen su yawaita a wurare. Sai bayan kwana goma na je buɗe jakar da ke ɗauke da fayil-fayil ɗin mutanen littafi na farko, tsofaffin cikin tsofaffi, allo ya daskare, rubutu fari ya zubo, na'ura ta faɗi. Na sake, ta sake. Na ɗauko faifan ajiya, shi ma haka, ashe ciwon na kwafa na danne lafiyar da shi. Kuma kafin wani ya rubuto min cewa in kashe in kunna, ko in gwada wata kwamfutar, ko in kai wa masu gyara a kasuwar Adum a duba min, Allah ya ba ku haƙuri, aikina ke nan, da shi nake ci. Na gwada kwamfuta uku. Na gwada manhajojin tsamo fayil, sun kwaso min tarkace, rabin shafin wannan, ƙafar shafin wancan. Jakar nan duk na'urar da ta leƙa ta sai ta faɗi.

Bari in yi bayani kaɗan yadda kowa zai bi ni. A cikin kowace kwamfuta akwai wani sashe da ake kira kenel, shi ne uwar ɗaki, shi ke karɓo abu daga faifai ya miƙa, shi ke riƙe da mabuɗi. In ya ci karo da abin da ya rikita shi, ba ya lallaɓawa, tsayawa yake cak komai ya tsaya tare da shi. Amma ana iya saita shi ya bar hoton duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa a daidai lokacin da ya faɗi, mu muna ce wa wannan hoto damp. Da shi masu gyara ke gane abin da ya kashe na'ura. Matsalar ita ce damp ba ya zaɓe, duk abin da ke hannun kenel a lokacin yana ciki a buɗe, mabuɗin sirrin faifan, shafukan da na buɗe a ranar, da jerin sunayen fayil-fayil. Kulle ɗin da na yi wa dattawa alfahari da shi a kan faifai yake, a cikin damp babu shi.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce zan gyara a hankali, ai babu gaggawa, kuma kunya ta hana ni. To gaggawar ta zo sati uku da suka wuce.

Akwai wani tsoho, Baba Tahiru, abokin mahaifina ne, dillalin shanu ne a da kafin gwiwa ta hana shi. Ba shi da mata ba shi da ɗa a Kumasi, ɗaki ɗaya yake haya a bayan masallaci. Tun da Babana ya rasu, duk safiyar Lahadi sai ya zo ya zauna a bencin ƙofar gidanmu in kawo masa koko da ƙosai, ya sha ya yi min tsiya cewa na auri kwamfuta ban gayyace shi ɗaurin aure ba, ya tafi. In faɗa muku gaskiya, akwai satin da shi kaɗai ne mutumin da ke kiran sunana da baki. Yana da 'ya ɗaya a Nijar wadda rabonsa da ita tun tana goye, akwai abin da ya shiga tsakaninsa da dangin uwarta wanda bai taɓa faɗa min ba ni ma ban tambaya ba. Shekara uku da suka wuce ya zo da wata 'yar takarda a naɗe cikin hula, ya ce an samo masa lambarta, sun yi magana sau biyu, in sa a cikin shafinsa. Na sa, ya karɓi takardar ya yaga. Ya ce, "Ɗiyata, in kin ji na faɗi, ita za ki fara kira kafin liman." Na ce in sha Allahu Baba, har ina dariya ina cewa shi zai binne mu.

Ya faɗi a tashar trotro, motocin hayarmu, shanyewar ɓarin jiki. Kafin a kai shi asibiti wajen Bantama 'yar wayarsa ta yi ƙafa, kuma layin da sunan wani aka yi masa rajista, wanin ma ya rasu, babu yadda za a dawo da shi. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani, hannun dama ya mutu, dama can ba gwanin rubutu ba ne. Na bi zangon shanu ina tambaya, na bi direbobin da ke hawa arewa, kowa ya san Baba Tahiru Dogo amma iyakar abin da aka sani shi ne mutumin wajen Tawa ne a Nijar, wanda ya san faɗin ƙasar Tawa ya san ban samu komai ba. Sa'anninsa da suka san ƙauyensu duk suna maƙabarta. Sunan ƙauyen da lambar 'yar suna wuri ɗaya a duniya, a cikin jakar littafi na farko. Ni na buga su da yatsuna, na yi ta matsa kaina in tuna, wallahi ko harafi bai dawo ba, sunan ƙauye ɗari uku na buga a wata biyar.

Sai na rubuta wa zauren masu kula da wannan ɓangare na kenel a intanet, na yi bayanin faɗuwar ban faɗi ko mene ne a faifan ba. Mutum ɗaya ya amsa. Ina kiransa Bature a raina amma ban ma san ko Bature ba ne, ban taɓa ganin fuskarsa ba, abin da na sani shekara da shekaru sunansa yana kan gyare-gyaren wannan sashe, kuma sa kai yake yi bayan ya tashi daga nasa aikin. Ya ce in aiko da damp. Na zauna na tace shi yadda ake yi, na cire duk shafukan da ke ɗauke da abin mutane, na cire abin da kenel ya ɗebo daga faifai ya ajiye a gefe, na goge mabuɗin, sannan na bi na bincika da sunaye ashirin ban ga ko ɗaya ba. Na aika ina jin na yi aiki mai tsabta. Bayan kwana biyu ya amsa cewa ya ga inda kenel ya faɗi, ya ga yana nuna wani shafi da yatsa yana cewa ga abin da ya kashe ni, amma da ya je shafin sai ya tarar da sifili daga sama har ƙasa, na goge shi. Ya ce kamar na kawo mara lafiya ne na ce a duba shi amma kada a ɗaga rigar.

Ban karaya ba. Na dawo da shafin, na buɗe shi, ashe shi ne jerin sunayen fayil na jakar. To sai na yi dabara, na bi suna ɗaya-ɗaya ina musanya shi da na ƙarya mai tsawo iri ɗaya, shekarun ma na canza, kwana biyu cur ina yi. Na aika. Ya amsa da haƙuri, ya ce wannan ya fi na farko muni. Ya ce tsarin yana jera fayil ne da wata lamba da yake lissafowa daga harufan sunan kansa, to da na canza sunayen duk lambobin sun daina dacewa, yanzu shafin gaba ɗaya ya zama kamar a lalace, ba ya iya bambance ɓarnar da dumso ya yi da ɓarnar da na yi da hannuna. Ciwon a tsakanin sunayen yake, a cikin yadda suke jere. In na taɓa su na ɓatar da sawu, in na bar su na miƙa wa bare sunan kowane tsoho da shekarar da ya ƙetaro iyaka. Da ma lamba na sa wa fayil ɗin, ɗaya biyu uku, da tuni an wuce wurin. Na bi tsarin ubana don ƙauna, ga inda ta kai ni.

A cikin wannan aikin ne na ga sunan Baba Tahiru. Yana nan a tsakiyar shafin, sunansa na yanka da na mahaifinsa da shekarar da ya shigo, tsakanin wasu mutum biyu da na je jana'izarsu. Iyakar abin da ke wurin ke nan, kan shafi kawai, kenel yana faɗuwa kafin ya kai ga cikin. Na daɗe ina kallonsa. Ɗalibai suna tsakar gida suna ihun ƙwallo, ni kuma ina zaune ina kuka a gaban layin rubutu ɗaya, babu wanda zan kira in ce zo ka gani.

Baturen ya kawo wata hanya, ya ce in riƙe damp ɗin a wurina, shi zai riƙa aiko tambaya, in bincika in ba shi amsa ba tare da suna ba. Muna kai har yanzu. Amma shi sai bayan kwana biyu yake samun sukunin amsawa, kowace amsa kuma sai ta haifi tambaya uku, ni kuma kula da na'ura na iya, cikin kenel ba gonata ba ce, sau biyu ina karanta masa wurin da ba shi ba muka yi asarar kwana huɗu. Ya ce a haka za mu iya kaiwa wata biyu, in kuma cikakken yana gabansa wataƙila yini ɗaya ko biyu. Likita kuma ya ce da ni ranar Litinin Baba Tahiru ya fara shaƙewa in an ba shi ruwa, ƙirjinsa ya kama, in akwai dangi a kira su.

Ranar Talata na cire kunya na je wurin Alhaji na faɗa masa komai. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce ubana da akwatin ƙarfe da kwaɗo ɗaya ya riƙe amanar nan shekara talatin ko ɓera bai ci ba, ni da digirina shekara huɗu ta gagare ni. Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa. Ya ce in cire sunayen in aika sauran, na ce na yi har sau biyu, na yi masa bayani, ya ce shi bai gane yadda za a ce sai an san sunan mutum kafin a gyara ƙarfe ba, makanike ba ya tambayar sunan fasinja. Na ce to Baba Tahiru fa, ya mutu 'yarsa ba ta sani ba? Ya ce Tahiru shi ma yana cikin shidan da na rantse a gabansu, kuma da yana da baki da shi zai fara hana ni. Nan ni ma zuciya ta ɗebe ni, na ce ƙungiyar da aka kafa don kada mutum ya mutu shi kaɗai, in ta bar shi ya mutu shi kaɗai to me ta tsare, takarda? Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ya ce yana ɗan shekara tara lokacin korar nan, kuma abin da ya fi tunawa ba motocin ba ne, wani mutum ne da takarda a hannu yana kiran suna, wanda aka rubuta shi ake kira. Ya ce jikokinsa goma sha ɗaya, babu wanda ya san hanyar Nijar. Ya ce in na aika, in sani ba da yawunsa ba, kuma kada in ƙara zuwa masa da maganar. Na fito, ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Na yi tunanin bin mutanen ɗaya-ɗaya in nemi izini, amma rabin na littafi na farko sun rasu, izinin wa zan nema, 'ya'yan da ba su ma san an rubuta ubansu ba? Kuma ranar da na fara ƙwanƙwasa ƙofa, kafin magariba duk Zango ya ji cewa sunaye na shirin fita, tsofaffi masu hawan jini su kwana a zaune. Na yi tunanin tambayar malami kan kaffarar rantsuwa, amma malaman unguwarmu biyu sunan iyayensu na cikin jakar. Kuma ba azumin kwana uku ne ke damuna ba, in na yi kaffara tsakanina da Allah ne, sunan da ya fita kuma ya fita. Yayana na kira, ya saurare ni minti uku ya ce in yi abin da ya fi sauƙi, yana kan aiki.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne Baturen nan bai taɓa matsa min ba. Da na gaya masa a dunƙule cewa sunayen na mutane ne da fitarsu za ta iya cutar da su, ya ce zai ba ni hanyar da zan kulle fayil ɗin yadda shi kaɗai zai buɗe, zai duba a na'urar da ba ta kan intanet, zai goge in ya gama. Sannan ya ƙara da cewa amma in sani alƙawarinsa kawai nake da shi, ba ni da hanyar tabbatarwa, abin da aka aika ba ya dawowa, kuma ko da cikakken a hannunsa ba zai rantse min cewa fayil ɗin Baba zai fito lafiya ba, mai yiwuwa ne kawai. Da ya yi min daɗin baki da na ji tsoronsa na huta. Yanzu ga shi mutumin da ya fi kowa fahimtar halin da nake ciki a duniya wanda ban san fuskarsa ba ne, kuma ina jin tsoron kada kaɗaici ne ke sa na yarda da shi ba hankali ba. Ai na taɓa yarda da kaina haka ranar da na ƙyasta ashana.

Na san mabuɗin zan iya gogewa, shafukan cikin fayil ma zan iya cirewa, na rage abin har ya dawo shafi goma sha wani abu. Amma waɗannan shafukan su ne sunayen da shekarun. Ba abin da ya rage da zan iya cirewa. Fayil ɗin yana nan a kulle na shirya shi tun shekaranjiya, dannawa ɗaya ya rage.

Kullum da rana nake hawa trotro in je wurin Baba, in goge masa baki, in gyara masa filo, in yi ta surutu ni kaɗai. Gadonsa yana kallon ƙofa, kuma duk wanda ya turo ta sai idonsa ya tafi can, ya bi mutum har ya wuce, sannan ya dawo da idon kaina. Ban gaya masa na'urar ta lalace ba. Da ya kalle ni sai in ce ana nema Baba, layin Nijar ne ba ya shiga. Na ma taɓa cewa bari in tambaye shi kai tsaye, in ya yarda in aika ya matsa hannuna, sai na ga wannan zalunci ne, in ɗora wa mai shaƙar numfashi da ƙyar zaɓi tsakanin 'yarsa da asirin abokansa, don kawai in sami wanda zan raba laifi da shi.

Jiya wata sabuwar nas ta zo da takarda tana cike gurbin dangi, ta gan ni ina ba shi ruwa da cokali, ta tambaye ni ko ni ce 'yar. Wallahi na buɗe baki zan ce e. Shekara nawa ina kai masa koko, wa yake da shi in ba ni ba, ni ma wa nake da shi? Kafin in yi magana sai na ji gadon ya motsa. Baba ne, mutumin da kwana biyu bai iya ɗaga kai ba, yana girgiza kai a kan filo, a hankali, sau uku, idonsa a kan nas ɗin don ta tabbatar ta gani. Sannan ya kama tsintsiyar hannuna da hannunsa mai rai ya matse, ya juya ido ya kalli ƙofa. Nas ta bar gurbin babu komai ta wuce. Ban ji haushinsa ba, gaskiyarsa ce, ba ni yake jira ba, ni aike ya ba ni.

To 'yan uwa ga ni. Masu ilimin addini, rantsuwar da na yi a gaban mutum shida da alƙawarin da na yi wa mutum ɗaya a kan benci, wanne Allah zai fara tambayata? Masu aikin kwamfuta, in akwai wanda ya taɓa tace damp irin wannan ya ɓoye sunaye ba tare da ya ɓatar da sawun ciwon ba, don Allah ya rubuta a ƙasa yau, ba gobe ba, admin zai isar min. Sauran kuma ku gaya min tsakani da Allah, in sunan mahaifinku ne da shekarar da ya ƙetaro a cikin shafin nan, za ku yafe min in na danna? In kuma mahaifinku ne a kan gadon can yana kallon ƙofa, za ku yafe min in ban danna ba? Ƙarfe biyu ake buɗe ƙofar masu dubiya, kuma ban san me zan ce masa yau ba, na riga na ce masa layi ba ya shiga sau goma sha tara.